Hannun Sayibu Wanzami

Sayibu ɗan wanzaman Salaga ne, a gidan aska aka haife shi. Abu biyu ubansa ya bar masa: zabira, jakar fatar nan ta kayan aiki, da hannu mai sauƙi. Yakan aske jariri ranar suna har ya gama yaron bai farka ba. Da hannun nan ya ci abinci a Yendi, da shi kuma ya bi fataken shanu zuwa Bawku, shekarar da Ghana ta samu 'yancin kai.

Takalmi ne ya fara matse shi. Ya yi wa baduku faɗa, baduku ya rantse bai rage awo ba. Daga nan zoben azurfarsa ya nutse cikin yatsa, sai maƙeri ne ya yanke shi. Hular Juma'a ta ƙi shiga. Mutanen zango, unguwar Hausawa, suka ce ai Bawku ta karɓe shi, jiki ya zauna. Mu kuwa in mun ga mutum yana cika, barka muke yi masa, ba sannu ba.

Ciwon kai ya zo ya zauna, ga gumi ko da sanyin safiya. Shi da yake wanzami, ai ya san maganin wannan: mataccen jini ne. Ya sa abokin sana'arsa ya kafa masa ƙaho a ƙeya, aka zuƙe, aka sake zuƙewa, kan bai daina ba. Muryarsa ta yi kauri, haɓarsa ta turo gaba, wushirya ta buɗe masa bayan ya haura arba'in. Masu ganinsa kullum ba su lura ba. Shi ma da ya san tudu da kwarin kan kowa a zango, madubinsa wasu yake miƙa wa.

Yatsun ne suka dame shi. Sun yi kauri, suna mutuwa, yakan riƙe aska ya ji kamar da hannun wani ya riƙe. Ya je asibiti. Likita ya juya tafukansa, ya dubi harshensa da goshinsa, ya ce wani ɗan ƙari ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke sa jiki ya ci gaba da girma bayan mutum ya gama tsayi, aikin cire shi kuma sai can kudu. Sayibu ya tambaya ko hannun zai dawo. Likita bai yi alkawari ba. Sayibu ya ce to, ya koma kasuwa, ya aske wanda ke jiransa. Bai ji tsoro ba, bai ji komai ba.

Ana nan sai saƙo ya zo daga ƙanwarsa Abibatu a Salaga: ta yi jika namiji. A gidansu kuwa ba a ba bare kan jariri muddin ɗan gida na raye. Ya ɗauki zabira ya hau mota.

Da ya yi sallama, Abibatu ta leƙo, ta gaishe shi gaisuwar baƙo, ta tambayi wa yake nema. Sai da ta ga zanen da ubansu ya yi musu a kumatu ta ce, “Yaya, kai ne?” Ya ce shi ne. Ta kawo ruwa, ba ta ƙara tambaya ba.

Da safe aka raɗa suna, aka miƙo masa yaron. Kan yaron gaba ɗaya ya ɓace a tafinsa. Ya wasa aska a fata, ya gwada kaifinta a babban yatsa yadda ubansa ya koya masa, ya kai ta kusa da maɗigar jaririn.

Abibatu ta ce a hankali, “Yaya, jini.”

Ya duba. Yatsansa ne, askar ta shige shi sosai, jinin na ɗiga a zanen goyo. Bai ji shigarta ba, kuma ko da yake kallo bai ji ba.

Ya mayar mata da yaron, ya goge askar ya naɗe. Ya ce a kira Karimu, wanzamin bakin kasuwa. Da Karimu ya zo, Sayibu ya tura masa zabirar gaba ɗaya, ya matsa gefen tabarma ya zauna cikin masu kallo.