Yadda Gide Ya Koyi Yi wa Babba Tsawa

Duk Tafoki ba a taɓa haihuwar yaro mai ladabin Gide ba. Ni taubashinsa ne, don haka in na yabe shi ku san abin ya kai. Gide zai gaishe ka, ya gaida iyalinka, ya tambayi jakinka, in ka yi sake ya tambayi kaifin garmarka. Ranar kasuwar Yankara in aka aike shi sayen manja da hantsi, sai la'asar, don kowane mai furfura ya gani sai ya durƙusa.

Shekarar Udoji, lokacin da jiragen sama suka yi yawa har 'yan kasuwar Funtuwa suka fara raina mota, gwamnati ta nemi samari masu takardar sakandare su koyi ba jirage hanya. Gide ya dace, aka kai shi Zariya. Muka ce shi ke nan, yanzu har matuƙa jirgi sai sun gaji da gaisuwa. Ashe bakinmu ya kama shi.

Ga yadda koyon yake, kamar yadda ya ba ni labari. Za a zaunar da kai gaban taswira, a sa maka abin ji a kunne. A ɗaki na gaba malami yana zaune, shi ne matuƙin ƙarya. A jikin taswirar akwai wani yanki da aka zagaye da jan layi, sararin da sojojin sama suka keɓe don atisaye. Jirgin fasinja bai da abin yi a ciki. In ya doshi wurin, kai za ka juya shi, nan take, da kalmomi kaɗan.

Lissafi bai ba Gide wuya ba, Turanci ma haka. Matsalarsa Alhaji Rabo, tsohon malamin da ke zama matuƙi, mutumin Faskari, tsaran ubansa. Da Gide ya ji muryar dattijon a kunne sai gwiwarsa ta nemi ƙasa. Ya fara da barka da asuba, ya bi da ranka ya daɗe, ya ce in ba zai zama takura ba, ko za a ɗan karkata dama. Kafin ya kai ga "dama" jirgin ya yi nisa cikin jan layi.

Alhaji Rabo ya leƙo ya ce, "Ɗana, fasinjojina duka sun rasu, amma sun rasu da kyakkyawar gaisuwa."

Haka aka yi ta yi, har aka gaya wa Gide saura gwaji ɗaya. In ya faɗi, ya tattara akwatinsa.

Ya zo hutu da damina, ya rame kamar karan gero. Na ce, "Ranka ya daɗe sarkin gaisuwa, jirgi nawa ka kashe bana?" Ko dariya bai yi ba. Ya bi Gwaggo Larai, ƙanwar ubansa, gonarta da ke bakin burtali, wai zai taya ta noma. Suna cikin aiki sai ga garken Alhaji Almu, dattijon da ko mai gari ke tashi in ya shigo. Alhaji na baya yana jan carbi, shanun gaba sun saki hanya sun doshi dawar Gwaggo.

Gwaggo ta miƙe ta ƙwala, "Almu! Hagu! Kora su hagu!"

Almu, gatsau, babu Alhaji. Dattijo ya zabura da sanda ya tare su. Da garken ya koma hanya sai ta gyara ɗaurin zane, ta durƙusa, ta shiga ina kwana Alhaji, ina gajiya, yaya su Hajiya, har sai da shi ya gaji.

Gide ya ce, "Gwaggo, sunansa fa kika kama."

Ta ce, "To da fa? In tsaya jero gaisuwa su cinye mani dawa, gobe a ja shi gaban alƙali da rawaninsa? Kama fartanya, kai dai."

Ranar gwaji Alhaji Rabo ya zo da mugunta. Jirginsa ya doshi jan layi, sai ya saki Turanci ya koma Hausa, murya a sanyaye: "Gide ɗan Mati, ka zo lafiya? Yaya babanka? Ni fa tun ba a haife ka ba nake bin hanyar nan, bari in ɗan ratsa."

Gide ya dubi taswira. Ya kira lambar jirgin ya ce, "Ba ka da izini. Juya dama yanzu."

"Haba ɗana, ni kake..."

"Dama! Yanzu!"

Har masinjan da ke shara a baranda sai da ya yar da tsintsiya. Jirgi ya juya, ya bi gefen layin ya wuce.

Ƙofa ta buɗe, Alhaji Rabo ya fito yana sosa kunne.

"Kai ne ka daka mani tsawa?"

"Ni ne, Baba."

"To ka aika wa Mati cewa ya haifi marar kunya, kuma gwamnati na neman marar kunyar nan a filin jirgin Kano ranar Litinin."