Dakta Samiratu Saaka, Wadda Ta Kulle Ƙofar Makoki

Haihuwa da karatu

An haifi Dakta Samiratu Saaka a shekarar 1968 a unguwar Maamobi ta birnin Accra. Mahaifinta Malam Saaka direban motar haya ta trotro ne, mahaifiyarta Hajiya Amama kuwa mai sayar da koko. Bayan ta sauke Alƙur'ani, ta kammala digirin kimiyya a Jami'ar Legon a 1991.

Aure da bincike

A 1994 ta auri Malam Tajudeen, wani tela a unguwar Nima, sannan ta tafi Ajantina, inda ta nazarci ƙwayoyin zarra da ke faɗowa daga sararin samaniya, yadda ƙwaya guda kan daki iska ta tarwatse ta haifi dubbai. Da ta dawo a 2003, sai ta lura cewa kusan haka annoba ke yaɗuwa, ta kama lissafin wa ke shiga gidan wa a unguwannin Zongo na Accra. Lissafin ya nuna mata abin da ba ta so ji ba: babu mahaɗar da ta kai zaman makoki haɗari.

Shekarar annoba

A 2020, ana tsakiyar korona, Allah ya yi wa mahaifiyarta rasuwa. Da aka dawo daga maƙabarta, Dakta Samiratu ta kulle ƙofar gidan, ta roƙi kowa ya yi addu'a a ɗakinsa. Wannan ya baƙanta ran dangi ƙwarai. Yayanta Alhaji Razak ya ce a bainar jama'a, “Boko ya cinye mata imani, uwarmu ba kaza ba ce da za a binne a watse.” Daga ranar ya daina amsa sallamarta. Abin ya ci ta a rai matuƙa, amma ba ta janye ba.

Rasuwa

Ta rasu a Janairun 2021 bayan fama da ciwon zuciya, annobar kuwa ta sake tashi. An sallace ta aka kai ta makwancinta a maƙabartar Awudome. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Tawfiq, Ruhaina da Abdul-Majeed.

Jama'a suka yi ta tururuwa daga Nima da Alajo don gaisuwa, sai suka tarar da Alhaji Razak tsaye a bakin lungu, idanunsa jawur, yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, “Ku koma gida ku yi mata addu'a, haka ƙanwata ke so.” Allah ya jiƙanta.