Abdulmajid, Mai Ɗaure Mutane Don Su Rayu

Kowace safiya, bayan ya idar da sallar asuba a unguwar Aƙiƙ, Malam Abdulmajid yakan wuce wani gidan tsare mutane da ke bayan garin Madina. Ma'aikacin jinya ne, jikan alhazan da suka taho daga Katsina a ƙafa ba su koma ba. Kafin ya sha shayi sai ya shiga ɗakin da kujerar take. Baƙar kujera ce mai ƙafafun taya, da igiyoyin roba na kafaɗa da ƙugu da hannu da ƙafa. A kanta ake ɗaure wanda ya birkice, yana dukan mutane ko yana gwara kansa da bango. Yakan wanke ta, ya shafa kowace igiya ko ta yi kaifi. Aiki ne da ba wanda ke fatan ɗansa ya gada.

A watan nan ya ajiye aikin, shi ya sa bakina ya buɗe.

Yazid, dogarin da suka daɗe tare, ya ce bai taɓa ganin ya bar wanda aka ɗaure shi kaɗai ba. Ba ya yarda a danne wuyan mutum, ko a tanƙwara shi har ƙirjinsa ya haɗu da gwiwa, domin ta nan numfashi ke ɗaukewa. Da zarar jiki ya lafa sai ya fara kwancewa, ko da dogarai na gunaguni.

Wata rana aka kawo Abdou, wani magini ɗan Maraɗi da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare. Gida kawai za a mayar da shi. Amma da aka ce ya tuɓe riga a caje shi, sai ya zama wani abu daban. Ya ture dogari, ya fasa goshinsa a jikin ƙofa, sai da ƙarti suka taru kafin ya zauna a kujerar.

Abdulmajid ya naɗa masa awon jini a damtse, sai ya ji wani ƙulli a ƙarƙashin riga. Laya ce. A ƙasar nan kuwa laya tana iya zama tuhumar sihiri, mai jiran jirgi ya koma jiran alƙali.

Ya sunkuya ya yi masa Hausa a kunne. "Ɗan'uwa, shwayya shwayya, bi a hankali. Na ji abin da ke hannunka."

Abdou ya zare ido. "Baba, don Allah. Uwata ta ɗinka min ita, kuma ta rasu ina nan."

"Allah ya jiƙanta. Amma wallahi in suka gan ta, ba ka ganin kabarinta bana. Khalas, shi ke nan, ka yi haƙuri."

Ya sa almakashin bandeji ya yanke igiyar layar, ya dunƙule ta cikin audugar da ya share jini da ita, ya jefa cikin sharar da ake ƙonawa. Abdou ya tofa masa yawu a fuska, ya fashe da kuka kamar yaro. Abdulmajid bai goge ba sai da ya gama ɗinke masa goshi. Yazid ya gani, ya kau da kai.

Kai ne, Abdulmajid, wanda ya sha cizo da tofi shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tashi daga kujerar nan ya ce maka sannu. Abin yana min ciwo. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma da aka bar wa ɗakin, ku tuna mutum ne a zaune, ku tsaya kusa da shi.

Kwanan baya Ashafa, mai sayar da dabino a Uhudu, ya dawo daga Maraɗi. Ya tarar da Abdou yana gini, ya yi aure, kuma har yau in an ambaci Madina sai ya tsine wa tsohon da ya ƙona layar uwarsa. Ashafa ya faɗa wa Abdulmajid yana jin nauyi. Idon tsohon ya kawo ruwa.

"A gidansu yake tsine min?" ya tambaya. "To, alhamdulillahi."