Waƙar da Aka Hana Kaka

Mu Kiristoci ne, 'yan gidaje kaɗan a wani ƙauye bayan Kausani. Shekarun da kuɗin man fetur ya ruɗa kowa, samarinmu suka watse aikin titi. Baffa Audu, autan Kaka, ya tafi Wudil da ƙafarsa, aka dawo mana da shi a tabarma. Tifa ce ta bi ta kansa.

Kaka mawaƙiya ce tun kafin ta tuba ta zama Kirista. Ranar Lahadi ta miƙe a majami'a, ta ɗauko wata waƙa da ta shirya a bakin dutsen niƙa, tana tambayar Ubangiji ina yake sa'ad da motar ta taho. Mai bishara ya ɗaga hannu.

"Iya, zauna. Nan ɗakin yabo ne. Abin da ke cikin littafi shi za mu rera."

Ta zauna. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Da yamma bayan tuwo muka kewaye ta a bakin wutar kara kamar kullum. Ba mu zaci za ta yi tatsuniya ba, sai ta ce, "Ku matso, ga wata ta zo muku."

Wai wata mata ce ta tafi gona da ɗanta. Ta zaunar da shi a gindin kuka, ta koya masa waƙar murna, ta ce ya yi ta yi don ta san lafiyarsa ƙalau. Kura ta fito daga sunƙuru. Yaro ya gan ta, tsoro ya kama shi, amma waƙa ɗaya ya iya, sai ya ƙara ɗaga murya. Uwar na ji tana murmushi, tana ta noma. Da ta juyo, zanen goyo kawai ta tarar.

"Kaka, me ya sa bai yi ihu ba?"

"Wa ya koya masa, ɗan nan? Ku tashi, ta ƙare."

A lokacin haushin yaron na ji, na ce wawa ne. Sai da na binne 'yata ta fari na gane wa Kaka take nufi. Mawaƙan majami'a suka zo da ganga, suka yi ta waƙoƙin nasara, kuma don ƙauna suka yi, ban ga laifinsu ba. Ni dai ina tsaye a bakin kabari da maganar da nake so in faɗa wa Allah, na nemi baiti ɗaya da zai ɗauke ta na rasa. Aka taɓa ni aka ce in amsa waƙar. Na buɗe baki na amsa tare da su.