Baba Basilla da Buhunan Sukari

Shekara goma sha ɗaya muka yi da Baba Basilla a sito ɗaya kusa da gadar kan iyaka, ni ina dako, shi yana ɗinkin buhu. Duk tsawon lokacin ƙasarmu da maƙwabciyarta ba sa ga maciji, an hana shigo da kayansu. Amma sukarinsu bai taɓa fashin zuwa ba. Ta daji ake kawo shi a kan babura, Baba ya farke bakin buhu, mu juye a namu mai tambarin gida, ya ɗinke. Ko jami'in kwastan ba ya bambance ɗinkinsa da na inji. Da basillar nan yake ciyar da mutum tara, yatsunsa duk sun yi kanta.

Ran nan sai ga manyan ƙasashen biyu a kan gadar. Mutanen da jiya suke zagin juna a rediyo sun rungume juna, an yanka ƙyalle, wai an shirya. Cikinsu babu wanda ya taɓa ɗaga buhu.

Washegari maigida ya ce, "Baba, yanzu kaya da rigarsu za su shigo. Je ka huta."

"In huta in ci me, ranka ya daɗe? Hoton minista?"

Maigida ya juya yana amsa waya. Baba ya naɗe zarensa, ya koma ƙofar gidansa yana gyaran takalma.

Manyan motoci suka shigo da rana tsaka, muka sauke buhu ɗari huɗu masu rubutun can. Sati uku ko ɗaya bai fita ba. Masu shaguna suka ce na can ba shi da zaƙi, a kawo musu na gida da suka saba. Wani mai shayi har rantsuwa ya yi min cewa harshensa ba ya kuskure, alhali sukarin da ya tsufa yana zuba wa mutane ke nan.

Maigida ya ji kunyar zuwa wurin Baba da kansa, sai ya aike ni. Na tarar da Baba yana fama da wani yagaggen silifa.

Na ce, "Wai ka zo, akwai aiki."

"An sake ɓatawa ne?"

"Ina! Shiri na nan daram. Buhun ne mutane ba sa so."

Ya ja dogon tsaki, ko ɗago kai bai yi ba. "Ka ce masa sai na gama wannan. Kuma ya tanadar min kujera, na daina ɗinki a tsugune."