Azumin Talata da Wainar da Ta Tona Mini Asiri

Ni mutumin Bakura ne, manomi, kuma a lokacin da abin nan ya faru ba ni da gwanintar da ta wuce ci. Boko aji uku na yi na gudu, allo ma ban yi nisa ba, amma in maganar abinci ce, ko malamin jami'a sai ya durƙusa ya ɗauki karatu gare ni. Da damina in noma dawa da gero, da rani in sauka bakin dam in shuka alkama. Ranar Talata kuwa ina kasuwar Mafara ko ba ni da abin sayarwa. Mu huɗu ne, ni da taubashina da abokanmu biyu, shekara ashirin muna cin abinci a tire ɗaya a rumfar wata Hajiya kusa da tasha. Ita kanta takan ce in aka ga gefen tire ya yi rami kamar an fara haƙar rijiya, to nan na zauna.

Sai dai duk cin nan ba ya zama a jikina. Ciki kullum a kumbure kamar ganga, sauran jiki kamar sillen kara, gudawa yau, kasala gobe. Taubashina yana kirana buhu mai huji. Na sha jiƙe-jiƙen basir da na shawara har bakina ya saba da ɗaci. Daga baya ɗiyata babba, wadda ke aikin jinya, ta ja ni dole zuwa wani babban asibiti a Sakkwato. Aka ɗebi jini, aka zura mini wata igiya ta baki aka leƙa cikina, sannan likita ya ce hanjina ne ba ya jituwa da alkama. Siliyak ya kira cutar. Ya ce ba ta da allura, ba ta da ƙwaya, maganinta in rabu da alkama da sha'ir har abada. Ba burodi, ba taliya, ba fanke, ba funkaso, ba duk abin da fulawa ta taɓa ko da ɗan ƙyas ne. Na yi dariya har da ƙwalla, na ce masa ni fa alkamar nake nomawa. Ya ce in yi ta noma, in dai wasu za su ci.

A gida abin bai yi wuya ba. Maiɗakina ta ware mini tukunya da muciya da ludayi, na koma tuwon dawa da na shinkafa da fura. Cikin wata uku kumatu suka fito, wando ya daina zamewa.

Wahalar tana kasuwa. A wajenmu, namiji da furfurarsa ba ya tsayawa ya tambayi mace abin da ta zuba a tukunya. In ka tambaya, ko dai ka ce ƙazama ce, ko kana zargin ta barbaɗa maka wani abu. Cire hannu daga tiren abokai kuma kamar ka ce ka fi ƙarfinsu ne. Ga shi na san bakin taubashina, in ya ji manomin alkama ne alkama ta kayar, sai na bar garin. Saboda haka sai na ce musu azumi nake yi. Taubashina ya dube ni ya ce shi dai na Litinin da Alhamis ya sani, na Talata kuwa sai a mazhabata. Na ce ramuwa ce. Ya ce in wanda na sha tun ina saurayi zan rama, Talatun duniya ba za su isa ba. Haka na yi Talata bakwai, ina zaune gefe da carbi suna ci, in sun tashi in zagaya bayan karar shanu in sayi fura da nono in sha a ɓoye.

Ashe an gan ni. Hajiya ta aiko taubashina ya gaya mini cewa ta ji labarin mai azumin da ke shan fura, kuma in wani laifi ta yi mini, don Allah in yafe mata, ba sai na yi wa Allah ƙarya ba. Ya ce da take maganar idonta ya kawo ruwa. Wallahi wannan saƙo ya fi mini gudawar ciwo. Baiwar Allah da ta ciyar da ni shekara ashirin, ga ta tana neman gafarar laifin da ba ta yi ba.

Da Talata ta zagayo na tafi da niyyar wanke kaina. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na yi dabara irin tawa. Na dubi taliya na kau da kai, na dubi fanke na haɗiye yawu, sai idona ya faɗa kan waina. Na ce a raina ai wannan shinkafa ce zalla, an gama. Na ci guda goma sha ɗaya da miyar taushe, Hajiya don murna ta ƙara mini biyu gyara, su ma ban bar su sun yi maraici ba.

Bayan azahar na hau bayan babur ɗin taubashina muka nufi Bakura. Ba mu yi rabin hanya ba cikina ya fara kiɗa. Na dafa kafaɗarsa na ce ya tsaya, ya ce in yi haƙuri mu kai gari, na ce in bai tsaya ba rigarsa ma ba za ta tsira ba. Lokacin rani ne, an girbe dawa, ba kara ko ɗaya a tsaye, hagu da dama ba komai sai gonakin alkama, ita kuwa tsayinta iyaka gwiwa. Na ruga na tsuguna, kai da hula duk a waje, masu wucewa suna yi mini barka da aiki. Alkamar da ta jefa ni cikin wannan hali, ko rufin asiri ta kasa yi mini. Sau uku muna tsayawa. Kwana huɗu na yi kwance, ciki yana murɗa, gaɓoɓi kamar an yi mini duka. Ɗiyata ta kira ta tambaye ni ko na tambayi abin da ke cikin wainar. Na ce kunya ta hana ni. Ta ce to baba, kai ka san hanjinka, kunya ba za ta ɗinke shi ba.

Da na warware na koma rumfar, na cire hula a gaban kowa na zayyana komai. Taubashina ya yi dariya har ya faɗo daga benci, nan take ya naɗa ni Sarkin Alkama. Hajiya kuwa ba ta yi dariya ba sai da ta gama wanke ni tas. Ta ce ƙullun wainarta tana zuba masa fulawa cikin hannu don ya kama jikinsa, ƙosanta a man fanke take soya shi, ludayin taliya kuma shi ke shiga miya. Ta ce da na mutu da wainarta a cikina, me za ta gaya wa Allah? Ta ce wanda ya yi tsuguno a alkama jama'a na gaishe shi, wace kunya ta rage masa da zai kasa tambaya? Sai a lokacin ita ma ta fashe da dariya.

Tun daga ranar, nawa take fara zubawa, da wankakken ludayi, tuwon shinkafa da miyar kuka wadda ta kaɗa da daddawa. Kwanona daban, amma a tsakiyarsu nake zama. Yanzu ko Maradun na je, kafin in zauna sai na gaida mai abinci da kyau, in gaya mata lalurata, in tambaya ko akwai fulawa, a wane mai aka yi suya, da wane ludayi za a zuba. In ta ɗaure fuska ko ta ce ba ta sani ba, in yi godiya in nemi dafaffen ƙwai da ayaba. Yawancinsu ma tausayi suke yi.

Abin da nake nadama shi ne na ɓata wa mutuniyar kirki rai, na yi ƙarya da ibada, na kuma azabtar da cikina, duk don gudun dariyar da ƙarshenta sai da aka yi ta ninki biyu. 'Yan'uwa masu irin lalurata, musamman tsofaffi masu taurin kai, kada ku yanke hukunci da ido, domin abin da ke cikin ƙullu mai ƙullu ce kaɗai ta sani. Ku buɗe baki ku tambaya kafin ku buɗe shi ku ci. In za a yi muku dariya, gara a yi ta kuna zaune a benci.