Ciwon da Yaya Bawa bai taɓa faɗa ba

Daminar bana ta cika shekara goma sha huɗu da rasuwar yayana, Bawa mai jirgi. Mutanen Wara da suka manyanta za su tuna shi, dogon mutumin nan da ke ƙetare da 'yan kasuwa da buhunan busasshen kifi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, da jirgin nan ya yi mini karatu har na zama malamin makaranta a Yelwa.

Fitsari ne ajalinsa. Na daɗe ban iya faɗin haka a bainar jama'a ba. Ya yi shekaru yana fama, mu muna ganin alamu ba mu gane ba. Ranar kasuwa ba ya shan ruwa tun safe, don kada ya matsu a tsakiyar tafki ga mata cike da jirgi. In ya zagaya bayan gida sai ya daɗe, ya fito yana gumi. Inna ta taɓa tambayarsa, ya ce basir ne, ya sayo sassaƙe wajen masu lasifika a kasuwa. Ranar da fitsarin ya tsaya cak muka kai shi asibiti, aka sa masa roba, amma likita ya ce ƙoda ta riga ta gaji. Bai yi wata ba.

Bara abin ya zo kaina. Na fara yanke darasi ina fita, in je in tsaya, sai ɗigo-ɗigo. Tsoro ya kama ni, don na san inda hanyar nan ta kai Yaya. Hadiza, 'yarsa ta fari, wadda yanzu malamar jinya ce, ita ta lura da yawan tashina ranar wani suna. Ta same ni a zaure, ta durƙusa, idonta a ƙasa.

"Baffa, ka gafarce ni, maganar ta fi bakina. Amma na rasa uba ɗaya a kan kunya, ba ni iya rasa na biyu."

Washegari na shirya muka tafi asibiti a Sakkwato.

Likitan ya yi mini bayanin wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, furostet, wadda kan kumbura da shekaru ta matse hanya. Aka gwada jinina, aka ɗauki hoton wurin. Ya ce bincike ya canza musu aiki sosai: yanzu hoto mai zurfi sukan fara dubawa kafin su tsinko nama, kuma ko ciwon daji ne, akwai mai tafiyar hawainiya da sa ido kawai ake yi masa. Nawa ba daji ba ne. Da ƙwayoyi suka kasa, sai aka bi ta hanyar fitsarin da siririyar na'ura mai kyamara aka rage tsokar. Ko tabo babu a cikina. Ranar da aka cire roba na shiga bayi na fito, dariya na yi ta yi ni kaɗai, har Hadiza ta tsorata.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ina jin da farko zai ɓata rai, a ce 'yar cikinsa ce ke irin wannan zance da ƙanensa. Daga baya zai matso ya tambayi yadda aka yi, don mutum ne mai son sanin yadda kowane inji ke aiki.

Jirginsa ya daɗe da ruɓewa a bakin ruwa. Abin da ya rage shi ne yarinyar da ya sa a makaranta, da ni da ke sallah da alwala ɗaya daga azahar zuwa la'asar. Kwanan baya a Wara, tsohon abokinsa Ɗanjuma ya ja ni gefe, ya waiwaya hagu da dama, ya ce, "Malam, wai ina ne aka yi maka aikin nan?"

Ranar Litinin ni zan raka shi. Allah Ya jiƙan Yaya Bawa, Ya haskaka makwancinsa.